Ƙosan Ƙofar Makaranta

Da daminar bara 'yata ta dawo hutu daga jami'a, inda take koyon aikin jinya. Ta tarar gudawa tana kwantar da yaran ajina. Ni kuwa na riga na yanke hukunci, na ce ƙosan ƙofar makaranta ne. Saura kaɗan in sa a kori mai tuyar, gwauruwa ce kuwa mai 'ya'ya.

'Yata ta ce, "Baba, ka ƙidaya waɗanda suka ci ƙosan ba su kwanta ba?" Na yi shiru. Sai ta ba ni labarin da malaminsu na bincike ya fara da shi. A 1854 kwalara ta auka wa wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan suke ɗebo ruwa. Ashe yawancinsu famfo guda ne. Aka cire hannun famfon.

Muka ɗauki littafin kiran suna, muka bi gidajen yaran. Kusan duk ajin sun ci ƙosai. Waɗanda suka kwanta kuwa, ban da ɗaya, ruwan rijiyar bayan kasuwa suke sha.

Washegari na tafi wurin mai unguwa. Da na dawo na tsaya na sayi ƙosai, kaina a sunkuye.