Samaru: Inda Ƙwallon Kwando Ke Haɗa 'Ya'yan Zariya

Matafiyin da ya sauka Zariya ya nufi Samaru zai bar Sabon Gari a bayansa, ya wuce Kwangila, ya ratsa Palladan inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take, sa'an nan ya miƙe bisa titin Sakkwato har ya iske babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a hagunsa, garin Samaru kuma a damansa. Tun kafin a buɗe jami'ar cikin 1962 an san wurin da binciken aikin gona. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwallon kwando ya yi saiwa a nan fiye da galibin garuruwan Arewa.

Kafin a gane amfanin wannan wasa ga Zariya, sai an tuna yadda aka tsara garin a zamanin Turawa. Zazzagawa na cikin ganuwa, baƙi 'yan Arewa na Tudun Wada, mutanen Kudu waɗanda jirgin ƙasa ya kawo kuwa suna Sabon Gari. Kowa da unguwarsa, kowa da abokan wasansa. Da jami'a ta zo, sai ta tara malamai da ɗalibai da leburori daga kowace kusurwa ta Nijeriya da ƙasashen waje, 'ya'yansu kuma suka tashi tare. Filin ƙwallon kwando na daga cikin wuraren da ɗan farfesa da ɗan masinja ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar wani addininsa ko garin ubansa, sai dai ko ya iya tsare gida.

Da an sauko daga sallar La'asar, rana ta yi sanyi, sai yara su fara taruwa. Filin daɓen siminti ne, da ƙarfe mai zobe a kowane gefe, tsawonsa ƙafa goma daga ƙasa. Wani ya zo da takalmin kambas, wani da wanda ya aro wurin wansa. A irin wannan wasa na yamma babu alƙali, babu usur. Biyar ke karawa da biyar, waɗanda suka ci su ci gaba, waɗanda aka ci su fita su bi layi. Wanda aka buge wa hannu shi ke faɗin an yi masa laifi, wanda ya buge shi kuma ya miƙa ƙwallo. To, a nan ake gane halin yaro. In ya cika kukan ƙarya, ko ya cika musu alhali kowa ya ga abin da ya yi, ba dukansa za a yi ba, amma gobe in ana zaɓen 'yan wasa sai ya ga an tsallake shi. Ba a daɗewa yake fahimtar cewa maganarsa ita ce jarinsa. Malamin makaranta na iya shekara yana yi wa yaro wa'azin gaskiya bai shige shi kamar yadda yini biyu na zaman benci ke shigarsa ba.

Shi kansa wasan da wannan niyya aka ƙago shi. Cikin 1891 ne wani malami ɗan Kanada, James Naismith, ya ƙirƙiro shi a garin Springfield na Amurka, don ya sama wa ɗalibansa abin yi a cikin ɗaki lokacin tsananin sanyi. Ya rataya kwandunan 'ya'yan itace guda biyu, ya rubuta dokoki 13, ya hana gudu da ƙwallo a hannu, ya hana ture da duka. Watau tun asali an tilasta wa ɗan wasa ya nemi ɗan'uwansa ya miƙa masa. A dokar gasa ta yau, ƙungiya na da daƙiƙa 24 kacal ta jefa ƙwallo, wanda ya yi laifi biyar kuwa ya fita ke nan. A ƙwallon ƙafa malalaci na iya ɓuya cikin mutum goma sha ɗaya; cikin biyar babu maɓoya. Kowa zai kai hari, kowa zai komo tsaron gida, in ɗaya ya yi sanyin jiki nan take a ga ɓarakar.

Ba a maganar ƙwallon kwando a Samaru ba a ambaci Oliver Johnson ba, wani Ba'amurke da ya share shekaru masu yawa yana koyar da wasan a jami'ar. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila cikin 1970, ubansa ɗan Nijeriya, uwarsa 'yar Kenya, ya tashi a Zariya. Kamar sauran yaran gari, da ƙwallon ƙafa ya fara, sai yana wajen shekara 13 ya koma kwando. Ya tafi karatu Amurka, ya yi wasa a Turai, amma bai taɓa buga wasa a babbar gasar Amurka ta NBA ba. Da ƙarfinsa ya ja baya, sai ya shiga aikin farauto wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa, ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. Cikin 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, cikin 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajojin gasar, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors, wadda ta ci kofin NBA karo na farko cikin 2019 a ƙarƙashin jagorancinsa. Ya rabu da ƙungiyar cikin 2025.

Abin lura ga labarinsa shi ne, ba tsayi ko tsalle suka kai shi can ba, haƙuri ne da iya zama da mutane. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, wadda ke shirya wa samari da 'yan mata sansanin horo, inda bayan wasa ake zaunar da su a yi musu maganar karatu, da riƙon amana, da girmama mata. Cikin 2021 ƙungiyar ta yi alkawarin gina filaye ɗari a Afirka.

Batun 'yan mata na bukatar iyaye su sake dubawa. Ƙungiyar matan Nijeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen kwata fainal a wasannin Olamfik na Faris cikin 2024. Tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta amince mace ta yi wasa da kanta a lulluɓe, saboda haka hujjar sutura ta ragu ƙwarai.

Sai dai akwai gargaɗi. Labarin Ujiri na sa wasu yara su yi sakaci da littafi suna mafarkin Amurka, alhali kuwa mutum wajen 60 kaɗai NBA ke zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Mai koyarwar da bai tambayi yaro sakamakon jarrabawarsa ba kafin ya ba shi riga, ya cuce shi.

Babbar matsalar kuwa ta fili ce. Yaron da ke kusa da jami'a ko wata babbar makaranta ya dace, amma na lungunan birni da ƙauyukan kewaye da wuya ya taɓa ganin zoben da idonsa, ga shi kuwa tsakanin La'asar da Magariba ne zaman banza da miyagun ƙwayoyi ke kama samari. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba. Harabar makarantar firamare ta ishe shi. Daɓen siminti ne, da ƙarfe biyu, da ƙwallo ɗaya, sai babba guda mai mutunci da zai riƙa zuwa kullum da yamma, kuma wannan bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.