Kifanya mai ciki da batun mai shara

Abin da Bahaushe ya sani game da kifi shi ne ƙwai yake yi. Tarwaɗa kan zuba nata a cikin ciyayin da ambaliyar damina ta shanye, ta yi gaba abinta. Karfasa ta fi ta kula, domin uwar kan kwashe ƙwan ta riƙe a baki, ta ƙaurace wa abinci har sai 'ya'yan sun iya iyo. Amma kifin da zai ɗauki ciki ya haifi ɗa mai rai, wanda yana faɗowa zai kama iyo, ba ya cikin abin da masunta ke fitowa da shi daga madatsun ruwan ƙasar Daura irin su Sabke da Daberam.

Shi ya sa gardama ta tashi a gidan wani mai harhaɗa magunguna a garin Zango. Ya dawo daga Kano da tankin gilashi mai cin lita 40 da ƙananan kifaye biyar da ake kira gupi, maza biyu masu wutsiya kamar an rina, mata uku masu launin toka. Bayan mako biyu cikin ɗaya daga matan ya kumbura, wani baƙin tabo ya bayyana kusa da wutsiyarta. Mahaifiyarsa, wadda ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, ta duba ta ce, "Kai wannan, ciwo gare ta. Cire ta kafin ta shafa wa sauran." Ya ce, "Inna, ciki ne da ita." Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu.

Shi ke da gaskiya. Asalin gupi arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibiran da ke kusa, ya kuma samo sunansa daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Danginsa, wato moli da filati da mai wutsiyar takobi, duk haihuwa suke yi. Ƙwan na nan, sai dai a cikin uwar yake zama har ɗan ya kammala halitta, tsawon kwana 21 zuwa 30, gwargwadon ɗumin ruwa. Baƙin tabon nan fatar ciki ce da ke ƙara duhu yayin da cikin ke girma, kuma dab da haihuwa akan iya hango idanun 'ya'yan ta cikinsa. Macen tana kuma iya adana maniyyin namiji na watanni, ta yi ta haihuwa duk wata ko da an raba su. Wanda ya sayi mata zalla daga tankin da aka gauraya su, sau da yawa ya sayo ciki ne bai sani ba.

Babbar mace kan haifi 'ya'ya 20 zuwa 40 a lokaci guda, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, kuma cikin wata biyu zuwa uku su ma sun isa haihuwa. Uwar ba ta san reno ba. Idan ɗan ya gifta ta gabanta haɗiye shi take yi. Masu kiwo kan killace ta a ɗan akwatin roba don tsirar da 'ya'yan, amma ƙuncin wurin kan firgita ta, wani lokaci har ta yi ɓari. Ciyayi masu duhu a kusurwar tanki sun fi alheri, domin a nan 'ya'yan kan ɓuya. Wasu za a cinye su, kuma ko da yake ba daɗin faɗa, a tanki mai lita 40 wannan ragi ne da ruwan ke buƙata.

Da ya ga ɓarɓashin abinci da kashi sun fara taruwa a ƙasan tankin, sai mai maganin ya kira wanda ya sayar masa da kifayen. Amsar ta zo nan take: "Ai mai shara za ka saka, yallaɓai." Wannan suna da ake bai wa kifayen da ke kiwo a ƙasan ruwa ya yi ɓarna mai yawa. Waɗannan kifaye ba sa cin kashin kifi. Mai sharar yana tsintar abincin da ya nitse ne, ya ci, shi ma ya yi nasa kashin. Abin da ke kashe kifi a tanki kuwa ammoniya ce da ke fita daga jikinsu da ruɓaɓɓen abinci, sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin matata su sarrafa ta. Ƙara kifi, kowane iri ne, ƙara wa waɗannan ƙwayoyi aiki ne.

A Zango abin ya fi haka tsauri. Matata da famfon iska duk da lantarki suke aiki, wuta kuwa sai an gan ta. Ga bazara: a Afrilu zafin rana kan wuce digiri 40, ruwan ƙaramin tanki kuma ba ya jimawa yake bin zafin ɗaki. Ruwa mai digiri 20 kan riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa ya ragu zuwa kusan 7.5, daidai lokacin da jikin kifin ke neman ƙari. Da hunturu kuma sanyin asuba kan ja ruwan ƙasa da abin da gupi ke so. Tankin da zai ɗauki kifi goma sha biyu a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, a nan sai a rage.

Shawarwari sun zo masa iri-iri. Wani abokinsa mai kiwon tarwaɗa a tafkin siminti ya ce zai ba shi ɗan tsako ɗaya kyauta. Tarwaɗa dai mafarauciya ce, ko 'yan uwanta ba ta bari, tana kuma iya wuce mita guda. Cikin 'yan makonni sai ta zama ita kaɗai a tankin. Kurungu ya fi ta ladabi da rana, amma da dare yake yawo, lokacin da 'ya'yan gupi ke kwance a ƙasa. Fileko, mai bakin tsotso da ke manne wa gilashi, ana sayar da shi kamar ɗan yatsa, ya girma ya kai santimita 30 ko fiye.

Shawarar da ta fi haɗari daga yaran gidan ta fito, waɗanda suka ce za su ɗebo katantanwa daga kududdufi ta cinye gansakuka. Nan take ya hana. Ƙananan katantanwar ruwan kwance su ne masaukin ƙwayar da ke jawo tsargiya, wadda ke shiga ta fata, ya kuma sha ba da maganinta ga yaran da ke fitsarin jini. Tankin da ake tsoma hannu a ciki kowane mako ba wurinsu ba ne.

Wanda ya dace da zama da masu haihuwa shi ne koridoras, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa daga Kudancin Amurka. Yawancin irinsa ba sa wuce santimita 7, bakinsa ƙasa yake kallo, ba ya bin 'ya'yan kifi da farauta. Yana kuma da dabarar da ta dace da ƙasar da ake ɗauke wuta: yakan harba sama ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotse oksijin ɗin. Sai dai yana da sharuɗɗa. Kifin garke ne, guda ɗaya kan takure ya daina kiwo, don haka shida ake so. Yana buƙatar yashi mai laushi, saboda tsakuwa mai kaifi na cinye masa gashin baki. Ba ya jure gishirin da wasu ke zuba wa moli. Kuma abincinsa na kansa za a ba shi, mai nitsewa, domin ragowar wasu ba ta isarsa. Koridoras shida tare da gupin da ke ninkuwa duk wata sun fi ƙarfin lita 40.

Don haka mai maganin bai sayi kowane mai shara ba. Ya samo siririn tiyo, kowace Juma'a da safe yana zuƙe dattin ƙasa tare da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ya mayar da na burtsatse da ya kwana a ɗakin don ɗuminsu ya zo ɗaya. Ya rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu, ya haɗa famfon iska da batirin sola. Kifanyar ta haihu da asuba, tara suka tsira a cikin ciyayi, Inna kuma ta sa aka kawo mata kujera gaban gilashin. Da suka girma ya ware mazan a wani mazubi. Ya ƙi zuba rarar a kududdufi, ko da yake an kai gupi ƙasashe da dama don ya ci tsutsar sauro, har ya cika magudanan ruwan Legas. Inda ya samu wuri yakan mamaye abincin ƙananan kifayen da ya tarar.

Maganar koridoras ya ɗage ta zuwa bayan bazara. Yana tara kuɗin tanki mai lita 80, ya kuma rataya ma'aunin zafi a cikin ruwan. Irin da ake kira sitabai, wanda ya fi sauran jure ɗumi, yana zama lafiya har digiri 28, kuma abin da ma'aunin ya nuna da azahar a watan Afrilu shi zai duba kafin ya sake kama hanyar Kano.