Ja da Tsanwa a Rumfar Kawu

A biranen ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, da wuya yau a yi bikin aure a gidan mai hali ba a kira mai saka kiɗa ba, wanda samari ke ce wa dije. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙaramar kwamfuta, da lasifika biyu, da gurup saboda ɗaukewar wuta, sai wani akwati mai faifai biyu da maɓallai birjik, kowane da ƴar fitila a ƙarƙashinsa. Ƴan kallo suna ɗaukar fitilun ado, alhali da su ne akwatin ke gaya wa mai shi wace waƙa ke tafiya, wace ke jira, da lokacin da sauti ya wuce kima har lasifika na shirin ƙonewa.

Wani saurayi a unguwar Birni ta Damagaram ya gaji irin wannan akwati daga wansa, da shi ya tafi neman kuɗi Agadas. Ya gaji kuma waƙoƙin da ke cikin kwamfutar, masu yawan gaske, tare da wata dabara ta wan nasa. Kowa ya san mawaƙanmu ba su rabuwa da ambaton mutane. Sabili da haka wan ya bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ya sa musu alama: tsanwa inda za a shiga lami lafiya, ja inda mawaƙi ya fara wasa wani attajiri ko ɗan siyasa, domin a kauce. Maɓallai takwas ne a kowane gefe, kuma maɓalli guda yana iya zama ja a wannan waƙa, ya zama tsanwa a waccan.

Ranar bikin ɗiyar wani babban ɗan kasuwa, ana tsakiyar rawar ƙawayen amarya, saurayin ya latsa maɓalli, sai ga kirarin abokin hamayyar mai gida a siyasa ya cika unguwa. Mai gida bai ce uffan ba. Cikon kuɗi dai ba a biya ba, kuma kafin Jumma'a gidaje biyu da suka ba da kafin alƙalami sun aiko a maido musu. Abin da ya fi zafi shi ne zancen da ya zaga gari, wai biyansa aka yi ya ci mutuncin mutumin a gaban baƙinsa.

Ya ɗauki akwatin ya kai wa ƙanen mahaifiyarsa, mai gyaran rediyo a kasuwar Dole tun zamanin kaset.

"Kawu, wallahi tsanwa na gani. Akwatin ne ya lalace."

Dattijon bai taɓa akwatin ba. Ya jawo gwangwani, ya zube ƴan rezistans bisa tebur, waɗannan ƙananan abubuwa masu zobba launi-launi da ke rage ƙarfin wuta.

"Ɗana, ware mini masu jan zobe."

Yaron ya ware, ya haɗa ja da tsanwa da ruwan ƙasa wuri guda. Kawu ya kira almajirinsa ya duba, almajiri ya ƙyalƙyale da dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya ce shi ma bai taɓa iya wannan rarrabewa ba. Duk tsawon zamansa a rumfar nan da ma'auni yake auna kowace rezistans, makwabta suna yaba masa da tsantseni.

Larurar tsohuwa ce. Wani masani Bature, John Dalton, ya yi bayanin irinta a Manchesta ta Ingila a 1794, don shi da ɗan'uwansa suna da ita, kuma daga sunansa Faransanci ya samo kalmar da ƴan lakwal suka sani. Ta fi kama maza, kuma ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonta, shi ya sa ba abin mamaki ba ne ta haɗa kawu da ɗan ƴar'uwarsa. Mai ita yana gani sarai. Launin tutar ƙasa ma ya haddace tun yana aji ɗaya, ruwan goro da fari da tsanwa, ba wanda zai kama shi. Ƴar fitila mai sauya launi a wuri ɗaya ita ce ke tona masa asiri.

To, sake bin waƙoƙin nan a sauya alamominsu aiki ne na watanni. Wani malamin lise, makwabcinsu, shi ya nuna musu gajeriyar hanya, wadda ke cikin yadda akwatin kansa yake aiki. Akwatin bai san waƙa ba, bai san ja ba. Yana magana da kwamfuta da wani harshe mai suna MIDI, wanda masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da shi a 1983, bisa jagorancin Dave Smith da Ikutaro Kakehashi. Idan aka latsa maɓalli, lambobi yake aikawa: irin saƙon da hanyar da ya bi cikin hanyoyi 16, da lambar maɓallin, da wani adadi tsakanin 0 da 127. Manhajar kiɗa ita ke maido amsa da irin wannan saƙo, sannan fitila ta kama. A fitila mai launi ɗaya, galibi 0 na nufin mutu, 127 na nufin kama. A mai launuka da yawa kuwa, adadin ne ke zaɓen launi.

Manhajar da wan ya bari ita ce Mixxx, ta kyauta, kuma tsarin da ke fassara launi zuwa adadi rubutu ne a fili, kowa na iya buɗewa. Suka kwafe na asali suka ajiye, sannan malam ya nemi layin da ke cewa idan alama ja ce a aika adadi kaza, ya sa adadin shuɗi a gurbinsa. Tsanwa kuma ya maida ta fari. Layi biyu kenan suka gyara dukan waƙoƙin a dare ɗaya. Da suka ga ƙofa ta buɗe, sai suka ƙara da wani maɓalli da saurayin bai taɓa amfani da shi ba, suka sa fitilarsa ta riƙa ƙiftawa idan saura daƙiƙa 30 waƙa ta ƙare.

Sauran aikin na Kawu ne, kuma shi ya fi haɗari. Jerin fitilun da ke auna ƙarfin sauti ba su jin umurnin launi, don launinsu yana cikin sinadarin da aka yi su da shi. Ja ja ce har ta mutu. Dole a cire ta da dalma a sa wata. Girmanta bai wuce ƙwayar gero ba, sai da hantsaki, zafi kaɗan ya yi yawa ta ƙone, ko layin tagulla ya ɓalle daga allon, akwati ya tashi aiki. Tana da gaba da baya, in an juya ta ba ta kamawa. Ja tana kamawa da kimanin bolt 2, shuɗiya kuwa tana son kimanin 3, alhali duk abin da kwamfuta ke ba akwatin ta wayar USB bolt 5 ne. Ta farko da ya liƙa ta fito dishi-dishi, wadda rana ɗaya ƙarƙashin rumfar biki za ta haɗiye. Ya sauya rezistans ɗin da ke gabanta da ƙarama, bayan ya auna ta kamar kullum.

Yana aikin yana ba almajirinsa labari cewa a rediyoyin ƙuruciyarsa ba a ganin shuɗiyar fitila. Gaskiyarsa ne. Jar ta samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak a Amurka, amma shuɗiya mai haske sai farkon shekarun 1990 a Japan, kuma ita ta jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014.

Wani dillalin kayan wuta da ke zaune a rumfar ya ce an kashe kuɗin akwatin, ba mai sayen abin da aka farke. Ta fuskar ciniki bai yi ƙarya ba. Sai dai akwatin na hannu ne tun asali, ba garanti bisa kansa, kuma kayan da mai shi ba ya iya karantawa ba su ciyar da gida ko da sababbi ne fil.

Zargin da ke gari kuwa dalma ba ta gyara shi. Kawu ya sa babbar riga bayan la'asar, ya tasa yaron gaba zuwa gidan ɗan kasuwar, da gwangwanin rezistans a aljihu.

"Alhaji, haƙuri muka zo bayarwa, amma ka fara ganin wannan."

Aka zube, yaron ya ware, Alhaji ya kira ƴaƴansa su ma su gani. Da Kawu ya ce a ba shi shi ma ya gwada, Alhaji ya tuna rediyoyinsa nawa suka bi ta hannun mutumin nan, ya riƙe baki. Cikon kuɗi ya fito a nan take, kuma ya ce yana da wata ɗiyar da za a aurar bayan Babbar Salla.

Tsofaffin jajayen fitilun suna cikin kwalin ashana a rumfar Kawu, tsarin asali kuma yana cikin kwamfuta da sunan wan, don in ya komo daga Agadas ya ce a ba shi kayansa yadda ya bar su.