Zangon Kumasi: Wane Ne Bahaushe, Wane Ne Baƙo?

A wannan wata filin namu ya leƙa birnin Kumasi, inda muka tashi daga kasuwar Kejetia muka bi ta Alabar da Akwatia Line, muka gangara Aboabo har Asawase. Duk wannan yanki, in ka tambayi Batone, wato mutumin Asante, zai ce maka zango ne, mutanen cikinsa kuwa Hausawa ne. To amma wanda ya zauna a bakin masallaci ko wurin mai shayi ya kasa kunne, zai ji cewa sunan nan kamar babbar riga yake, kowa da yadda yake saɓa ta.

Asalin zango dai masaukin ayari ne. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Barno su suka zo da kalmar. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar can ta watse, sannan da Turawan Ingila suka kama Kumasi a 1896, sai baƙi daga arewa suka yi ta kwararowa. Ban da Hausawa akwai Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Dagomba da Kotokoli da Yarbawa, kowace ƙabila da sarkinta, ga kuma Sarkin Zango. Harshen da ya haɗa su a kasuwa da makarantar allo shi ne Hausa. Wata Ba'amurkiya mai suna Enid Schildkrout ta wallafa littafi a 1978 kan Mosawan Kumasi, inda ta nuna yadda 'ya'yansu ke tashi da Hausa a baki fiye da harshen iyayensu.

Saboda haka in aka tambayi matashi a Aboabo ko shi wane ne, amsarsa ta danganta da mai tambaya. A gaban Batone shi Bahaushe ne, ko kuma Kramo, sunan da Tonawa ke kiran Musulmi da shi, wanda suka aro daga kalmar Wangarawa ta karamoko, wato malami. In ya je Ankara, ɗan Kumasi ne. A cikin unguwa ɗan zango ne. Amma ranar da ya je neman aure, sai dattawa su ajiye duk waɗannan su ce, "Yaro, mun san a nan aka haife ka, kakanka fa daga ina ya zo?" A nan ne za a ji ashe Bazabarme ne, ko jikan Mosawa.

Haka abin yake a wurin abinci. Kunun da ake kira Hausa koko, sau da yawa mai damawar Badagomba ce. Waakye da duk ƙasar ke ci daga kalmar wake ya samo suna, tuo zaafi kuma tuwon zafi ne. Ba wanda ke tambayar mai sayarwa asalinta kafin ya miƙa kwano.

Wasu sunayen na raha ne. Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa sai an yi ta gardamar wane ne ubangidan wani, Bakano da Bazazzagi ma haka, a yi dariya a rabu. Wasu kuma suna da ƙaya. Kalmar aboki, wadda a gare mu girmamawa ce, a bakin wasu ta koma sunan duk mai tura baro ko mai gasa nama. Akwai kuma pepeni da otani, waɗanda 'yan arewa ba sa son ji. Abin sha'awa shi ne yadda samari suka karɓe sunan ɗan zango, wanda a da ake jifan su da shi, suka mayar da shi abin alfahari. Har ta kai a 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata mai ɗauke da sunan zango, ko da yake an rushe ta a 2021.

Kalmomi biyun da suka fi nauyi su ne baƙo da ɗan ƙasa. A cikin zango, ɗan ƙasa shi ne wanda aka haifa a nan, baƙo kuwa wanda ya sauka jiya yana neman maigida. Da ka tsallaka titi sai ma'anar ta juye, jikan wanda ya zo da ayari shekara ɗari da suka wuce ya koma baƙo. Tsofaffinmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Dubban mutane suka karyar da kayansu suka hau mota, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. A 1983 kuma Nijeriya ta kori nata baƙin. Har yau ɗan zango in ya je Kano, da ya buɗe baki aka ji Hausarsa sai a ce masa ɗan Gana.

Wannan ne ya sa muke jan hankalin jama'a. A cikin hira, suna yana miƙewa yana lanƙwasa, kuma wannan sassaucin ne ya sa ƙabilu masu yawa suka zauna gida ɗaya suna auratayya. A kan takarda kuwa ba wasa. Tsarin mulkin 1992 yana duba matsayin iyaye da kakanni ne, ba harshen da mutum ke yi ko sunan da aka raɗa masa ba, amma duk da haka an sha jin koke-koken mutanen zango kan tambayoyin da ake tsare su da su wajen yin katin ɗan ƙasa. Don haka duk wanda aka yi wa haihuwa, bayan yankan rago ya je ya yanki takardar haihuwa. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya zauna da shi ya rubuta sunayen kakanni, da garin da suka fito, da shekarar da suka sauka, da unguwar da aka binne su.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, inda za mu leƙa Salaga in Allah Ya yarda.