Kyamara Mai Jan Ƙafa

Mu ɗaliban da ke ɗaukar hoto a kulob ɗin jarida na makaranta, babu abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya kamar jinkirin kyamara. Ka danna maɓalli, ita kuma ta ɗan dakata, kafin ta ɗauka abin da ka hango ya wuce. A hoton aji, inda kowa ke tsaye cak, wannan ba komai ba ne. A ranar wasannin motsa jiki kuwa, asara ce babba, domin ba a maimaita tsere saboda mai hoto.

Mu yi ɗan lissafi. Ɗalibin da ke gudun mita 100 cikin daƙiƙa 12.5 yana cin mita 8 a kowace daƙiƙa. Idan kyamara ta yi jinkirin rabin daƙiƙa kacal, ya yi gaba da mita 4. Ka nufi fuskarsa a kan layin ƙarshe, ka tashi da hoton ƙeya ko na fili fayau.

Me ke jawo jinkirin? Kafin ta ɗauka, kyamara tana neman fokas, wato tana saita idonta har abin ya fito tar, sannan ta auna haske. Neman fokas ɗin ne ya fi cin lokaci, musamman a wuri mai duhu. Idan kuma filasha a kunne take, sai an jira ta.

Saboda haka ra'ayinmu wajen zaɓen kyamara ya sha bamban da na masu talla. Su yawan megafiksel suke kururutawa, alhali wannan girman hoto yake nunawa, ba ruwansa da sauri. Mu mun fi son a ba mu kyamara mu gwada: wani ya wuce ta gabanmu, mu danna, mu ga inda ta kama shi. Manyan kyamarori irin DSLR na Canon da Nikon sun fi tsofaffin ƙananan na aljihu hanzari, sai dai tsada. Wasu wayoyin zamani kuma suna da dabara: tun kafin ka danna suna ta ɗauka a ɓoye, sai su miƙo maka wanda ya dace da lokacin dannawar.

To, wanda ba shi da kuɗin sauyi fa? Da abin hannu ake yi. Muna danna maɓalli rabi, mu riƙe, kyamara ta gama fokas a kan layin ƙarshe tun masu gudu na nesa. Da sun iso sai mu ƙarasa dannawa. A waya, taɓa wurin a allo yana yin kusan aikin nan. Muna kashe filasha da rana, mu kunna ɗauka a jere, mu zaɓi mai kyau daga baya.

Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya ƙera a kamfanin Kodak a 1975, daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Taku ta fi ta nesa ba kusa ba. Ku san halinta tun kafin ranar wasanni: ku gwada ta a kan mai keke ko ƙwallon da aka cilla sama, har yatsanku ya koyi riga ta.