Sheffield, garin maƙeran wuƙa

Kakana ba ya fita sai da 'yar wuƙa a aljihu. Da ita yake fiƙe alƙalami, ya fere rake, ya yanke zare. Tun da na zo Ingila karatu nake jin aljihuna fayau, shi ya sa wata Asabar na hau jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Sheffield.

Na fara da gidan tarihi na Kelham Island, a bakin kogin Don. Ruwan kogunan garin ne ya riƙa juya duwatsun wasa wuƙa, ƙurar dutsen kuma ta riƙa cin huhun masu aikin, da yawansu ba su ga tsufa ba. A garin nan ne Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913.

A wani ƙaramin shago na ɗauki wata mai kullewa idan an buɗe ta. Dattijon mai shagon ya girgiza kai. Dokar 1988, in ji shi, ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa ne kawai, wadda ba ta kullewa, kaifinta bai wuce inci 3 ba. In ba haka ba, sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ko a tsinci kai a kotu. Ɗalibi mai biza kuwa bai ga ta wasa ba.

Na sayi samfurin Barlow mai ƙotar ƙashi. Yanzu ina da uku. Ɗaya nake fita da ita, don fere tuffa da buɗe kwali.