Rikodar da Ta Ƙi Juyawa

A Dayi, inda hanyar Gwarzo ta haɗu da ta Malumfashi, tsohuwar rikoda kan yi shiru alhali da sauran ranta. A danna maɓalli, fitila ta kama, kaset ya ƙi juyawa. Mai gyara kan fara da batir da fis, sannan ya goge maɓallan da ƙurar hunturu ta toshe. Sai bel ɗin roba da zafin bazara ke sassautawa. In ya saki, rikoda kan ɗauka kaset ya ƙare, ta tsayar da kanta. Daga ƙarshe ya bi wayoyi da mita, yana neman kafasitar da ta bushe ko dalmar da ta tsage. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma ta cikinsa muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta ratsa gonaki da kasuwanni. Sau da yawa abin da ke katse wannan murya bai kai ƙwayar masara ba. Haka tsufa ke zuwa wa kaya da masu kaya, sannu a hankali, ta inda ido bai kai ba, kuma mai haƙurin bincike ne kan gano cewa yawancin jikin lafiya lau yake.